Faifan da Ya Kwana a Rumbun Nababa

Hure ce ta fara hango ɓarnar tun kafin a yi ta. Tana tankaɗe a tsakar gida ta ji 'yarta Zulfa tana yi wa uban bayanin aikin kwamfuta, har ta kawo misali da rumbu. Sai ta dakata da rariya a hannu.

"Zulfa, ki yi masa kwatance da duk abin da kika ga dama, amma ban da rumbu," in ji ta. "Mutumin nan in aka ambaci rumbu ba ya iya zama. Sai ya tashi ya aikata wani abu."

Aka yi dariya, har da shi uban, Malam Sammani. Ba wanda ya riƙe maganar, amma ba a je ko'ina ba sai da ta tabbata.

Ga yadda abin ya samo asali. Mutanen Ɗorawar Sabo, wani ƙauye da ke gefen Bagwai, sun gaji da ganin 'ya'yansu suna faɗuwa jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu a kwamfuta ake yin ta. Yaro ya san karatunsa sarai, amma ranar jarrabawa ce ranar da zai fara ɗora hannu a kan na'urar, sai ya rikice. Don haka suka haɗa kai suka gina ɗaki mai faɗi a bayan makarantar firamare, 'yan garin da ke aiki a birni suka aiko da kwamfutoci da sola da batura. A kusurwar ɗakin, cikin wani kejin ƙarfe, aka ajiye babbar kwamfutar da duk sauran suke ɗaukar tambayoyi daga gare ta. Masu sana'ar suna ce mata saba. In ta tsaya, kowa ya tsaya.

Ta kuwa taɓa tsayawa. A bara ana tsakiyar gwaji faifan ajiyar da ke cikinta ya mutu, allunan yara suka yi fari fat, aka sallami kowa. Wanda yake kula da ita ya ajiye aikin ya koma Kano. Tun daga nan kwamitin iyaye yake neman wanda zai riƙe ɗakin, kuma shugabansu, Alhaji Abdulgani, ya ce ba za a sake ɗaukar kowa da baki ba, sai an ga aikinsa.

Zulfa ta gama difloma a fannin kwamfuta. An ba ta dama ta gyara sabar, a yi jarrabawar gwaji ranar Asabar a gaban kwamiti da wani injiniya ɗan garin da zai zo daga Kano. In an yi lafiya, aikin nata ne. In ba a yi ba, akwai ƙawarta da ta samo mata gurbi a wani kamfani a Abuja, kuma ta riga ta ce za ta tafi.

Abuja ɗin nan ita ce ta hana Malam Sammani sakat. Shi dama mutum ne mai yawan zullumi. In ya ɗaure akuya sai ya dawo ya duba igiyar. In yaransa suka shiga mota zuwa Ɗanbatta, sai ya kira direban ya ji ko sun wuce gada. Iliminsa na boko bai wuce firamare ba, amma ya san nisan Abuja, ya kuma san ba zai iya leƙawa ya ga ko ta ci abinci ba. Ɗakin kwamfuta kuwa daga ƙofar gidansa ana hango rufinsa. Saboda kusancin ne ma aka damƙa masa mukullin ɗakin da na kejin, shi yake buɗewa, shi yake rufewa, shi yake goge gilasan sola da tsumma.

Ranar Alhamis da hantsi ya bi ta ɗakin, wai zai riƙe mata kaya. Ta buɗe kejin, ta cire murfin gaban sabar, ta fito da wasu abubuwa biyu daga kwali, kowanne bai fi tafin hannu ba. Ta ɗaure su a kan 'yan faranti masu hannu, ta zura ɗaya a ramin sama, ɗaya a na ƙasa, suka shige kamar aljihun tebur.

"Waɗannan su ne faifan, Baba. A kansu manhajar da ke tuƙa na'urar take zaune. Da guda ɗaya ne, shi ya sa da ya mutu komai ya mutu."

"Yanzu ɗaya zai yi aiki, ɗaya ya huta?"

"A'a, tare za su yi. Duk abin da na'urar ta rubuta a wannan, a daidai lokacin take rubuta shi a wancan. Madubi muke ce masa. Ka ga kamar mutum ya auna gero ya zuba a rumbu biyu, kwano nan, kwano can. In ɗaya ya rushe, ba a kwana da yunwa."

Malam Sammani ya gyaɗa kai a hankali. Wannan kam ya gane.

Ta zauna da ƙaramar kwamfutarta a cinya tana ta rubuce-rubuce, fararen haruffa suna gudu a baƙin allo. Ta raba kowane faifai gida-gida, na sama da na ƙasa iri ɗaya sak, sannan ta haɗa su ta ce wa na'urar ta ɗauke su a matsayin abu guda. Shi dai yana zaune a kan benci, hula a gwiwa, yana kallon yatsunta. Yatsun nan da ya saba gani suna ɓarar gyaɗa.

Can ta ce, "Saura abin da mutane suke mantawa."

"Mene ne shi?"

"Abin tayarwa. Ka ga babur ɗinka, komai lafiyar injinsa in ba kik ba ya tashi. To na'urar ma akwai wani ɗan abu da take fara karantawa in an kunna ta. Shi ba ya kwafar kansa, sai an sa shi da hannu. In a faifan sama kaɗai yake, ranar da na saman ya mutu, na ƙasan yana nan da komai a cikinsa amma ba zai iya tayar da ita ba."

Ta sa shi a duka biyun. Da ta gama sai ta ce ya matso ya gani. Ta danna wani ɗan maɓalli a jikin farantin ƙasa, hannun ya ɓalle, ta zaro faifan gaba ɗaya, na'urar tana kunne.

Malam Sammani ya zabura. "Ke, mayar da shi."

"Duba allon, Baba. Ya tsaya?"

Bai tsaya ba. Tambayoyin lissafi suna nan a allon kwamfutar da ke kusa, agogon gefe yana tafiyarsa. Ta mayar da faifan, ta jira har biyun suka sake daidaita, sannan ta rufe murfin. Malam Sammani ya daɗe yana kallon kejin. A hanyar komawa gida ya tsaya wajen mai tsire ya saya mata, abin da bai saba yi ba sai da salla. Da yammar ranar ne suka sake maganar a tsakar gida, Hure ta yi gargaɗinta.

Ranar Juma'a da safe Zulfa ta shiga motar Kano. Ta ce akwai wani abu da za ta sayo, za ta kwana gidan gwaggonta, gobe da sassafe injiniyan ya taho da ita a motarsa. Ta bar sabar a kunne tana ɗaukar sababbin tambayoyi.

"Kafin magariba ka danna maɓallin nan sau ɗaya, Baba, za ta kashe kanta. Kada batir ya ƙare kafin gobe. Shi ke nan, kada ka taɓa komai."

"Me zan taɓa?" in ji shi.

Ƙarshen bazara ne, ana ta sharar gona ana jiran ruwan shuka. Bayan la'asar sai gabas ta haɗe, iska ta taso tana kaɗa dannin gidaje, walƙiya tana tsaga sama ba tare da ɗigon ruwa ba. Irin wannan hadarin Malam Sammani ya fi tsana a duniya. Yana yaro aka yi irinsa, iska ta ɗebo garwashi daga murhun maƙwabta ta jefa a jinkar rumbun mahaifinsu. Rumbuna biyu ne a jere, kafaɗa da kafaɗa, na ci da na iri. Kafin a kawo ruwa wutar ta tsallaka daga wannan zuwa wancan. A waccan shekarar da irin aro suka yi shuka. Tun daga lokacin gidansu ya ɗauki wata al'ada da ba ta taɓa karyewa ba: iri ba ya kwana wuri ɗaya. Rabin irin Sammani yana rumbun yayansa Nababa, can hayin gonaki, rabin na Nababa yana nasa.

Ya shiga ɗakin kwamfuta, ya danna maɓallin, ya jira har ƙugin na'urar ya mutu. Ya juya zai fita, sai aka yi wata tsawa da ta girgiza kwanon rufi. Ya tsaya. Ya dawo ya cire murfin gaban sabar, wai ya duba kawai.

Ga su nan, na sama da na ƙasa, tsakaninsu ko yatsa ba zai shiga ba. Rumbu biyu kafaɗa da kafaɗa, ƙarƙashin rufi ɗaya, wayoyin wuta sun kewaye su.

"Yarinya ce," ya ce a ransa. "Ta iya karatunta, amma ba ta taɓa ganin gobara ba."

Ya tuna da kalmarta: duk abin da ke wannan yana wancan. Ya tuna ya ga ta zare ɗaya da idonsa kuma ba abin da ya faru. To in haka ne, mene ne amfanin su kwana tare? Ya yi bisimilla, ya danna ɗan maɓallin farantin sama, hannun ya ɓalle kamar yadda ya ɓalle mata. Ya zaro faifan, ya naɗe shi a leda, ya ƙara naɗewa da hankicinsa, ya mayar da murfin ya kulle kejin.

Ya tarar da Nababa yana kora tumaki cikin gida.

"Lafiya da hadarin nan?" in ji yayan.

"Ajiya na kawo, Yaya. A sa min a cikin tukunyar iri."

Nababa ya juya ƙunshin a hannu, ya kai kunne ya girgiza. "Wannan wane irin iri ne? Ba ya ko motsi."

"Na Zulfa ne. Rabin aikinta."

"To Allah ya sa ya tsiro," in ji Nababa. Ya hau rumbun ya tura shi cikin tukunyar da suke ajiye irin gero da toka da ganyen darbejiya, ya rufe.

Hadarin ya watse ba a yi ruwa ba. Washegari Malam Sammani ya tashi fuska a sake, ya sha kunu kofi biyu, har yana tsokanar jikokin maƙwabta. Hure ta bi shi da kallo.

"Malam, yau ranar gwajin 'yarka ce, kuma ka yi barci har da minshari. Me ka yi?"

"Ni? Addu'a na yi."

"Addu'a kawai?"

Ya sa hularsa ta zuwa ɗaurin aure ya fita. Niyyarsa sai an gama komai lafiya, sannan ya ja Zulfa gefe ya gaya mata gyaran da ya yi mata, ta ji daɗi.

Motar injiniyan ta makara a hanya. Kafin su iso yara sun cika ƙofar ɗakin, maza da mata, kowa da katinsa a hannu. Zulfa ta sauko a gurguje, ta gaida mahaifinta a tsaye, ta danna maɓallin sabar ba tare da ta cire murfi ba, ta ga tambayoyi sun fito a alluna, ta shiga zaunar da yara. Wannan bai san inda zai rubuta sunansa ba, wancan ya riƙe linzamin kwamfuta a juye. Injiniya Munir, wani siririn mutum mai tabarau wanda ba ya yawan magana, ya zauna a gefe yana kallo. 'Yan kwamiti suka jeru a benci a bayan ɗaki, Alhaji Abdulgani a tsakiya da carbinsa.

Aka fara. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas na maɓallai da ƙugin fanka. Malam Sammani yana tsaye a bakin ƙofa, yana jin kamar a ƙirjinsa ake danna su. Aka ci rabin lokaci ba abin da ya tsaya.

Sai Zulfa ta zo gaban 'yan kwamiti ta rage murya.

"Alhaji, bara faifai ɗaya ne ya mutu aka tashi. Yanzu biyu ne, kowanne madubin ɗan'uwansa. Ina so in zare ɗaya a gabanku yara suna cikin rubutu, ku gani da idonku ba za a tsaya ba."

Malam Sammani ya juyo daga bakin ƙofa. Ba ta gaya masa za ta yi wannan ba.

Suka taso suka kewaye kejin. Ta buɗe, ta cire murfin, ta miƙa hannu. Hannun ya tsaya a iska. A ramin ƙasa wata 'yar fitila tana ƙiftawa. Ramin sama kuwa wayam, baƙi ƙirin kamar gurbin haƙori.

Alhaji Abdulgani ya daina jan carbi.

"Ina ɗayan?" ya tambaya.

"Shekaranjiya yana nan, Alhaji. Ni na sa shi da hannuna."

"Biyu aka ba ki a kwali," in ji wani daga cikin 'yan kwamitin. "Ko dai ɗaya aka sa, ɗayan ya bi motar Kano?"

Zulfa ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafinta. Malam Sammani ya san wannan sunkuyon tun tana ƙarama, in aka ɗora mata laifin da ba nata ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige cikinta, amma ƙasa ba ta tsage ba, sai ya tako ya shigo tsakiyarsu.

"Alhaji, kada a zargi yarinya. Ni na ɗauka."

Duk suka juyo.

"Kai, Malam Sammani? Ka kai shi ina?"

"Yana rumbun Yaya Nababa. A tukunyar iri."

Injiniya Munir ya cire tabarau ya dube shi da kyau. "Baba, a rumbu?"

"Jiya hadari ya taso. Na ga su biyu a manne da juna. Mu a gidanmu iri ba ya kwana wuri ɗaya." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ta ce duk abin da ke wannan yana wancan."

Wani ya fara ƙunshe dariya a bayan hannu. Alhaji Abdulgani ya buɗe baki zai yi faɗa, sai injiniyan ya ɗaga masa hannu.

"Dakata, Alhaji. Baba, lokacin da ka zare, na'urar tana kunne ko a kashe?"

"Na kashe ta tukuna, kamar yadda aka ce min."

"Wanne ka ɗauka?"

"Na sama. Shi ya fi kusa da rufi."

Munir ya juya wajen Zulfa. "Ke kuma da safen nan kika kunna ta, ta tashi?"

"Ta tashi," in ji ta a hankali. Sai ta ɗago kai. Ta jawo ƙaramar kwamfutarta ta rubuta wani abu, ta juya masa allon. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya fara murmushi.

"Alhaji, bari in gaya muku abin da ya faru. Zare faifai na'ura tana kunne, wannan kowa yana yi a gaban baƙi. Abin da ya fi wuya shi ne a kashe ta, a ɗauke faifan farko, sannan a kunna ta ta tashi da na biyu. A nan ake gane wanda ya yi aikin rabi. Na sha zuwa manyan ofisoshi a Kano in tarar an yi madubi an manta da abin tayarwa. Ni da kaina na zo da niyyar in sa ta yi wannan gwajin bayan yara sun tashi, in ga ko za ta tsallake." Ya nuna ɗakin da hannu. "Ga shi an riga ni. Tun safe yaran nan a kan faifai ɗaya suke rubutu, ba wanda ya sani, har ita."

Alhaji Abdulgani ya waiwaya ya dubi yaran. Ko ɗaya bai ɗago ba. Wata yarinya a layin gaba tana cizon leɓe tana lissafi a takarda.

"Wato aikin ya yi?"

"Ya yi. Laifinta ɗaya, da ta kunna ba ta duba lafiyar faifan ba."

"Gaskiya ne," in ji Zulfa. "Na yi sauri. Yau zan sa ta riƙa turo min saƙo a waya in ɗaya ya ɓace."

"Ko in an kai shi rumbu," in ji mutumin da ya yi maganar motar Kano. A nan dariyar ta ƙwace wa kowa, har sai da Zulfa ta sa yatsa a baki ta nuna musu yara. Mutumin ya matso ya ce mata ta yafe shi, bakinsa ne ya riga hankalinsa.

Malam Sammani bai tsaya dariya ba. Ya hau babur ya bi ta cikin gonaki, ya dawo da Nababa a baya, don yayan ya ce sai ya zo ya ga gonar da ake shuka wannan iri. Aka warware hankici, aka warware leda. Faifan ya fito tsaf, sai ɗan ƙamshin darbejiya. Munir ya shinshina ya ce aƙalla gara ba za ta ci shi ba.

Zulfa ta goge shi da kyau, ta duba bakinsa a haske, ta zura shi a raminsa. Sannan ta kira mahaifinta ya tsuguna kusa da ita.

"Ka ga, Baba, shi wannan labarin jiya ya sani. Duk abin da yaran nan suka rubuta yau ba ya cikinsa. Madubi sai yana fuskantar mutum yake nuna shi. In ka kai shi wani ɗaki, ya daina."

"Ashe ɓarna na yi."

"Da na ƙasan ya mutu da safen nan, da mun tashi kamar bara." Ta faɗa ba tare da ta ɓoye masa ba, sannan ta taɓa hannunsa. "Amma bai mutu ba. Yanzu zan gaya wa na'urar wanne ne mai sabon labari, ta kwafa wa ɗayan a hankali, kada ta yi wa yara nauyi."

Wata lamba ta fito a allon tana hawa kaɗan-kaɗan. Malam Sammani ya zauna a ƙasa a gabanta bai motsa ba. Yara suka gama suka fita suna hayaniya, suna gwada wa juna makin da suka ci, shi yana nan. Sai da lambar ta cika, fitilu biyu suka koma kore, sannan ya sauke numfashi ya ce alhamdu lillahi.

Kwamiti bai daɗe yana shawara ba. A gindin darbejiyar makaranta Alhaji Abdulgani ya sanar cewa ɗakin kwamfuta ya zama na Zulfa daga ranar. Ya ƙara da cewa mukullin ƙofa yana nan wajen Malam Sammani, amma na keji ya koma hannun 'yarsa. Ba wanda ya yi gardama, shi ma bai yi ba.

Da aka watse ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan akwati baƙi mai igiya, kamar sabulun wanka.

"Abin da na je sayowa Kano ke nan, Baba. Tsoron da ka ji ba na banza ba ne, a makaranta ma an koya mana shi. Madubi yana maganin mutuwar faifai ne kawai. Ba ya maganin gobara, ba ya maganin ɓarawo, kuma in mutum ya goge abu bisa kuskure, a duka biyun yake gogewa. Shi ya sa ake yin kwafi na uku a kai shi wani gida. Duk Juma'a zan kwafe komai a nan, in ba ka. Dama kai na yi niyyar ba wa."

Ya karɓa da hannu biyu. "Wannan shi ne na rumbu?"

"Wannan shi ne na rumbu. Amma ban da toka."

"Kuɗin ajiya fa?" in ji Nababa. "Rumbuna ya zama ofis."

"Yaya, kai da ka ce Allah ya sa ya tsiro," in ji Sammani. "Ga shi ya tsiro."

Kafin su isa gida labari ya riga su. Hure tana bakin murhu ta ɗora tukunyar shinkafa, an yanka zakaran da ake ta ajiya. Ta bari sai da Malam Sammani ya zauna ya cire hula.

"Addu'a kawai, ko Malam?"

"To ai an amsa," in ji shi.

Ta jefe shi da ɓawon albasa, Zulfa ta yi dariya har da hawaye. Maƙwabta suka riƙa shigowa yi musu barka, kowa sai ya sa an maimaita masa labarin tukunyar iri, kuma duk maimaitawar da za a yi sai Nababa ya ƙara mata gishiri. Da yamma Zulfa ta kira ƙawarta ta Abuja ta ce a ba wa wani gurbin. Malam Sammani yana zaure ya ji da kunnensa, ya tashi ya je ya duba igiyar akuya, ya tarar a ɗaure take, ya dawo ya zauna yana murmushi shi kaɗai.

Daga ranar, duk Juma'a bayan masallaci ana ganinsa a kan babur yana ratsa gonaki da ɗan baƙin akwati a aljihun gaba, hannu ɗaya a kansa. Ruwan shuka ya sauka a makon da ya biyo baya, aka fito da irin gero daga rumbuna biyu aka shuka.

Jarrabawar gaske tana nan tafe, kuma ba wanda ya san yara nawa ne daga Ɗorawar Sabo za su ci. Ita ma Zulfa ta yi wa kwamiti alkawarin shekara guda ne kawai. Ko za ta ƙara bayan nan, ba ta faɗa ba, mahaifinta kuma bai tambaye ta ba tukuna.